Tambaya kan giyar taimako a tsohuwar Hilux da hanyar gona a damina

Manomin Kadawa:

Assalamu alaikum. Ina zaune a cikin birnin Kano, amma gonata ta shinkafa tana wajen Kadawa, kuma daga inda kwalta ta ƙare zuwa bakin gonar babu komai sai laka da zarar ruwan Agusta ya zauna. Bara na sayi tsohuwar Toyota Hilux ƙirar 1994, mai injin gas samfurin 3L da giyar hannu. Ranar Asabar na ɗora mata buhun taki 12, na shiga wani caɓi, ta kafe. Nan na ja ƙaramin sandan giya zuwa H4, wato giyar taimako mai kai ƙarfi ga tayoyi huɗu, amma tayoyin baya kaɗai suka yi ta juyawa suna watsa taɓo, na gaba kuwa ko motsi ba su yi ba. Na riƙa ba ta wuta ina riƙe da kuloci rabi da rabi, har ƙauri ya cika motar, daga ƙarshe sai shanun huɗa ne suka fitar da ni. Shin taimakon ne ya lalace, ko kuwa ni ne ban iya ba?

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ina kyautata zaton motarka lafiyarta ƙalau. Ka duba tsakiyar kowace tayar gaba, za ka ga wani ɗan murfi da ake murɗawa da hannu, an rubuta FREE a gefe guda, LOCK a ɗaya gefen. Muddin yana kan FREE, ko ka sa taimako, farfelar gaba za ta juya amma ƙarfin ba zai kai ga taya ba. Ka murɗa duka biyun zuwa LOCK tun kana kan busasshiyar ƙasa, domin taimako kafin a shiga ake sa shi, ba bayan mota ta nutse ba.

A laka mai zurfi, ga kuma kaya, ka tsaya cak, ka taka kuloci, ka kai sandan L4, sannan ka tashi a giya ta biyu. L4 tana rage gudun taya fiye da ninki biyu, tana ƙara mata ƙarfi daidai haka, shi ya sa ba ka da bukatar kuloci wajen tafiya a hankali. Ka ɗauke ƙafarka daga kansa gaba ɗaya, ka riƙe totur a wuri guda, kada ka sauya giya a tsakiyar caɓi, domin da ka taka kuloci motar za ta tsaya, laka ta kama ta. Sannan kada ka cusa manyan yatsunka cikin sitiyari. Idan taya ta bugi kututture, sitiyarin yana fizgewa da ƙarfin da zai iya targaɗa yatsa.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:

Abin da Baba ya faɗa haka yake. Ƙarin da zan yi, Alhaji, shi ne ka cire taimakon da zarar ka hau kwalta. Wannan motar ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, saboda haka a kwana, inda tayoyin gaba ke cin tazara fiye da na baya, ƙarafan ciki sai su ɗaure. A laka taya tana zamewa ta sauke wannan ɗaurin, a kwalta kuwa babu zamewa, sai dai wani abu ya ci. Idan sandan ya ƙi komawa H2, wato jan tayoyin baya kaɗai, kada ka yi masa dole, ka ɗan ja baya a miƙe, zai saki.

Ƙaurin nan kuma na fatar kuloci ne. Ka gwada ta a giya ta huɗu a kan hawa. Idan inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, ta fara zamewa. Tunda ta daɗe a cikin ruwa, a buɗe man aksul na gaba da na baya, in ya koma kalar shayi da madara to ruwa ya shiga, a juye shi.

Ɗan Dambatta:

Ni dai ina da ɗan saɓani kan L4, domin hanyoyinmu na wajen Kunchi da Makoɗa rairayi ne. A can H4 da giya ta biyu sun fi yi mini, saboda yashi yana son mota ta shigo da ɗan gudunta. Nakan rage iskar taya zuwa wajen 18 a ma'aunin PSI, in guji karya kwana da ƙarfi, in kuma nemi mai faci ya mayar da ita kafin doguwar tafiya. Da buhu 12 a baya kuwa, ban ba ka shawarar ka sauke iskar har haka ba.

Manomin Kadawa:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Baba, na duba da safen nan, duka biyun suna kan FREE. Na dama ya murɗu, na hagu kuwa ya cije da tsatsa. Malam bakanike, gobe zan kawo ta a kwance shi, a duba man aksul na gaba da na baya kafin in koma da sauran takin.