Neman kalma: ɗan sakin da ake bari a hannun kuloci, me za mu kira shi a rediyo?

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shiri daren Alhamis kan duba mashin kafin a hau, saboda 'yan kabu-kabu da iyaye masu kai yara makaranta, kuma gobe Laraba za mu naɗa. Ina fassarawa ne daga ɗan littafin nan da ke zuwa da sabon mashin. Birki, giya, totur, fulogi, duk ba su ba ni wahala ba. Inda na cije shi ne abin da suka kira "free play", wato ɗan motsin da hannun kuloci ke yi a banza kafin ka ji waya ta fara ja. Littafin ya ce a bar milimita 10 zuwa 20 a bakin hannun kuloci, 2 zuwa 6 a totur, 20 zuwa 30 a birkin ƙafa. Kalma ɗaya nake so da za ta ɗauki duka ukun, yadda mai sauraro a Gagi ko Kwannawa nan Sakkwato zai gane ba sai na yi dogon sharhi ba.

Bakaniken Mabera: Wa alaikumus salam. Wasa na. Mu nan gareji haka muka cewa: kulocinka ba shi da wasa, birkinka wasa ya yi mai yawa. Rubuta wasa ka wuce, Malam.

Malama Mai Fassara: Oga, ku ɗin nan kuke cewa "taya na wasa" idan boris ya mutu, ko "kan mashin na wasa" idan ya kwance. Wanda ya ji a rediyo cewa kulocinsa na wasa zai ɗauka cuta ce, ya ɗauko sifana ya ɗaure waya tamau. Abin da shirin ke son hanawa ke nan fa. Ni ina ganin "rara" ta fi. Rarar kuloci, rarar totur.

Ɗan Kabu-kabu: Malama, rara ita ta abin da ka saura ga aljihu bayan ka kai ma mai mashin balas ka sha mai. In kunka ce rarar kuloci a rediyo, wallahi kunne za mu buɗe mu ji inda aka rabonta.

Bakaniken Mabera: Amma maganar Malama akwai gaskiya ciki. Yara da yawa suna zuwa suna cewa in ɗamre masu kuloci shi yi "shaf". In ka ɗamre waya babu saki, kullum tana riƙe da shi kaɗan ko ba ka taɓa ba, faranti na cikin kuloci ba su haɗewa sosai. Sai ka murza totur inji shina kuka mashin ba shi tahiya, balle in ka ɗauko mutum biyu da buhu ka nufi hawa. Kwana kaɗan faranti sun ƙone, baƙin mai shina wari. In kuma saki ya yi yawa, ka matse har ƙarshe bai raba ba: giya ta shiga da ƙara, kas, mashin shina jan ciki kana tsaye, firi ta ƙi samuwa. Duka biyu ɓarna ta.

Malamin Hausa: Ina ta karantawa ina jinjina kai. An ce ana neman kalmar Hausa, amma a tambayar kanta akwai kuloci, totur, birki, giya, fulogi, babu ta gida ko ɗaya. Kafin mu yi gardama kan ɗan sakin, mu fara gyara tushe. Bahaushe ya san abin hawa tun kafin mashin, yana da kalmomin doki cikakku. Birki linzami ne. Totur ƙaimi ne. Kan mashin ragama. Wurin ɗora ƙafa likkafa, wurin zama sirdi. Kuloci kuwa na daɗe da ƙirƙiro masa suna, ina koya wa ɗalibaina: maɗamki, daga damƙa, a sigar ma- da -i ta sunan kayan aiki, irin mabuɗi da madubi. Ɗan sakin kuma "sassauci". Sai a ce sassaucin madamƙi. Ina abin ƙi a nan?

Ɗan Kabu-kabu: Allah shi gafarta Malam, wanne ciki? Sama kun rubuta maɗamki, ƙasa madamƙi.

Malamin Hausa: Madamƙi. Waya ce ta yi mini shisshigi.

Bakaniken Mabera: Ranka shi daɗe, mi shika damƙa? Ai in ka matse hannun kuloci sakewa shika yi, shina raba inji da giya. Sai ka saki hannu sannan faranti su kama. Yaro ya ji madamƙi, sai shi zaci in ya matse na mashin ka kamawa. Ka juya mai aiki baibai.

Malamin Hausa: Faranti ne ke damƙa, ba hannu ba. Kuma ita kalmar Turancin ma ma'anarta ke nan, ba su ruɗe ba.

Malama Mai Fassara: To Malam, ashe fassarar Turancin kuka yi. Sannan in dai tsarkin harshe ake bi, linzami daga lijam ne, sirdi daga sarj, likkafa daga rikab, duk Larabci. Kakanninmu sun karɓi kayan doki da sunayensu, suka lanƙwasa su yadda bakinsu zai ɗauka. Abin da kanikawa suka yi wa kuloci da fulogi ke nan. Har jam'i sun yi musu, fulogai.

Malamin Hausa: Aron Larabci daban, Malama. Wannan ya shigo ta hanyar ilimi da addini, ya yi ɗaruruwan shekaru. A Sakkwato, garin da aka rubuta waƙoƙin Hausa da ajami tun zamanin Shehu, a ce ba za mu iya raɗa wa ƙarfe suna ba? Kullum jira muke a yanke a Kano a aiko mana.

Ɗan Kabu-kabu: Nan kam ina bayan Malam. Kullum rediyo "ɗan acaɓa, ɗan acaɓa". Mu nan kabu-kabu muka sani. Mai shiri, don Allah kak ka ce muna acaɓa.

Baƙo Daga Kano: To mu me ya kawo mu ciki? Daidaitacciyar Hausa ba mu muka ce a ɗora ta a kan Kananci ba. Kuma ko a Kano bakanike wasa yake cewa, babu wanda ya taɓa aiko masa da ita daga jami'a.

Ɗan Illela: Ku ƙara da wannan: shirin ana jin shi har Ƙonni ta Nijar. Can kuloci ambiriyaj na, fulogi buji, mashin moto, don su Faransanci sunka ara. Kuloci ma sai wanda ya saba tsallakowa ka gane shi, balle madamƙi. Ni shawarata, karon farko ka ce "hannun hagu, wanda aka matsewa a sa giya", daga nan kowa ya san inda kake.

Mai Shirin Rediyo: Jama'a, Allah ya ba ku haƙuri, ƙarfe goma ta wuce kuma ban samu kalmata ba. Malam, ina girmama madamƙi, amma minti ashirin da biyar gare ni, kuma akwai maganar birkin gaba da nake son ta samu wuri. Mutane da yawa ba sa taɓa shi, wasu har wayar suke cirewa wai yana kayarwa, alhali shi ke ɗaukar kaso mafi girma na tsayawa, saboda nauyi gaba yake komawa idan an taka birki. Idan na ɓata minti biyar ina bayanin linzami da ƙaimi, wannan ba zai shiga ba.

Ɗan Kabu-kabu: Shina kayarwa mana, in ka cafke shi bisa rairayi. Je ka gwada cikin lungunan Mabera.

Bakaniken Mabera: Cafka ta ka kayarwa. A hankali aka matsawa, tare da na ƙafa, mashin shina miƙe. Mai shiri, ka sa wanga ciki: bayan an juya notin da ke ƙarshen sandar birkin baya, a ɗaga mashin bisa jak a juya taya da hannu, in tana gurza an wuce wuri. A taka a ga wutar baya ta kama. Totur kuma in ka murza ka saki, ta koma da kanta nan take. A tada inji, a karya kai hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, in kuka ya ƙaru to waya ta ɗame wani wuri, kar a hau. Kuma masu roba-roba ba su da hannun kuloci, kak ka sa su neman abin da babu.

Malama Mai Fassara: Mu koma kan kalmar. Sassauci ba ta da laifi a nahawu, sai dai kunne ya saba jin ta a farashi da hukunci da jikin mara lafiya. "Sako-sako" kuma aibi ce, ba a cewa a bar abu sako-sako. Tunda masu sana'ar wasa suke cewa, a bar musu, a sa mata wani abu da zai raba ta da wasan lalacewa. "Wasan ƙa'ida". Kuloci na da wasan ƙa'ida, totur na da nata, birki na da nasa. Wanda ya wuce ƙa'ida ko ya gaza, shi ake gyarawa.

Bakaniken Mabera: Wanga ya yi. Amma ban da sarƙa. Sarƙa saki aka cewa. A tura ta da yatsa sama da ƙasa tsakiyar layin ƙasa, a juya taya a gwada wuri biyu ko uku don ba ta lalacewa daidai, a auna inda ta fi ɗamewa. In an ɗame ta ƙwarai, fasinja na zamnawa ta ƙara ɗamewa, ta ci haƙoran sufuroket.

Ɗan Illela: Kuma milimita ɗin nan, wa ke yawo da abin awo? Ka ce kwatankwacin faɗin yatsa guda a bakin hannun kuloci.

Mai Shirin Rediyo: Zan faɗi duka biyun, adadin littafi da na yatsa, in ƙara da cewa kowa ya duba littafin nasa mashin don awon yana bambanta. To ga abin da na rubuta: wasan ƙa'ida ga kuloci da totur da birki, saki ga sarƙa, kabu-kabu ba acaɓa ba. Kuloci na nan a kuloci, tare da bayanin hannun hagu saboda mutanen Ƙonni.

Malamin Hausa: Ƙa'ida ma Larabci ce, tunda yau ƙidayar aro ake yi. Kuma ba kalma ɗaya kuka samu ba, biyu ce kuka ɗaure. Ni a aji sassauci zan ci gaba da cewa. In an buɗe layin waya ranar Alhamis zan kira.

Mai Shirin Rediyo: Naɗaɗɗen shiri ne, Malam, babu kiran waya wannan makon. Oga na Mabera, notin nan na biyu da ke kusa da hannun kuloci, wanda ake kwancewa kafin a juya na gyaran, me kuke ce masa?

Bakaniken Mabera: Lok.

Malamin Hausa: Makulli.