Gizo mai rikiɗa zai ƙarar mini da ƙudan zuma

Mai Amya, Shika: Jama'a raina a ɓace yake. Da safe na shiga gonar kuɓewa, na tarar da wani gizo-gizo ya laɓe cikin fure, launinsa sak na furen. Ko yana bai saƙa ba. Ƙudan zuma na sauka ya ware dogayen ƙafafunsa na gaba ya rungume shi, ya kafa masa baki a ƙeya, shi ke nan. Uku na ƙirga kafin azahar. Amya biyar gare ni, da su nake biyan kuɗin makarantar yara. Wannan abu mai rikiɗa zai ƙarar da su, na faɗa a gida an ce na cika mita.

Ɗan Samaru: Baba, ba rikiɗa yake yi ba. Launi kawai yake sauyawa tsakanin fari da ruwan ɗorawa, kuma sai ya ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Tafiyar gefe-gefe yake yi kamar ƙaguwa, shi ya sa masana ke danganta shi da ita. Danginsu sun haura iri 2,000.

Hajiya, Tudun Wada: To mene ne rikiɗa in ba sauya kama ba? Hawainiya fa, me muke cewa tana yi?

Malamin Hausa, Ƙofar Doka: Hajiya, rikiɗa ta asali ita ce mutum ya koma kura. Wadda ta yi lalle ba ta rikiɗa ba.

Hajiya: Malam, lalle daga waje ake sa shi. Wannan daga jikinsa abin ke fitowa. Kada ka haɗa.

Ɗan Birni: Ku 'yan Samaru komai sai kun ce masana. Tun muna yara muka san Gizo a tatsuniya, yaudara ce sana'arsa.

Ɗan Samaru: Yaya, irin masarar da kake shukawa daga ina ya fito in ba daga cibiyar binciken noma ta Samaru ba? Ka ci amfaninmu sannan ka zage mu?

Ɗan Birni: Kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962 Zazzagawa da yunwa suke kwana?

Ɗan Samaru: Ban ce haka ba. Kuma wadda Baba ya gani mai yiwuwa mace ce, ita ce babba. Namijin ɗan mitsitsi ne.

Ɗan Birni: Ai dama sai mace.

Hajiya: Ka janye wannan maganar. Uwarka ba mace ba ce?

Mai Amya: Don Allah ku saurare ni. In yi feshi ko in bari?

Ɗan Samaru: Baba kada ka fesa! Maganin zai kashe ƙudan da suka fi wanda gizon zai ci a shekara. Lokacin fure sarauniyar ƙudan zuma kan yi ƙwai sama da 1,000 a rana, don haka ukun da gizon ya ci ba za su ƙarar da su ba.

Malamin Hausa: Har yanzu ba a amsa mini ba. Da ya zama fari, ya daina zama gizo?

Shugaban zaure: Na bi maganar tun safe. Hajiya ce ke da gaskiya, abin da ya kwana fari ya wayi gari wata rana ruwan ɗorawa ya rikiɗa, haka muka gada daga iyayenmu, kuma ɗan Samaru da bakinsa ya yarda yana sauyawa. Malam ya tsananta. Ɗan Birni ya ba Hajiya haƙuri kafin isha'i, in ba haka ba zan cire shi. Na rufe zaure sai gobe.