Ɗiyata na son bin binciken annoba maimakon buɗe kilinik, ku ba ni shawara

Alhaji na Mokoyo:
Salamu alaikum jama'a. Ɗiyata tana aji shida a fannin likita, ni duk tunanina in ta ƙare in taimaka mata ta buɗe 'yar kilinik nan Maradi kusa da mu, sai ga shi ran nan ta ce min ita binciken yadda cuta ke yaɗuwa cikin al'umma take son bi, epidemiyoloji take ce mishi, ta haɗa da likitancin iyali, kuma burinta wata rana ta zama furofesa tana koyarwa. Wallahi tun ranar ban samu barci mai kyau ba. Wanda ke bin ƙauyuka da takarda yana ƙirga marasa lafiya shi ma likita ne? Kuma shekara nawa zai ƙara ci mata?

Majo ta Dan Issa:
Wa alaikum salam Baba Alhaji. Likita ce cikakkiya, kar ka ji komi. Ni na daɗe ina aiki a CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, lokacin kwalarar 2018 a Madarunfa mu muna ta ɗaura ruwa dare da rana amma kullum sabbi ke zuwa, waɗannan masu takardar da kake faɗa su ne suka riƙa tambaya wace unguwa, wace rijiya, wa ya je zaman makokin wa, da haka ake gane inda za a kai maganin tsabtace ruwa a tare abin tun daga tushe. Mu mutum guda muke dubawa su kuma gari guda. Kuma ka san rigakafin gudawar yara mai suna Rotasiil, wanda ke jure zafi, nan yankin Madarunfa aka gwada shi kan jarirai sama da 3,500, cibiyar bincike ta Epicentre ta nan Maradi ce ta yi aikin, sakamakon ya fito 2017 duniya duk ta ji. Yaranmu ne na nan suka yi ta bin gida gida.

Dan Gobir 227:
Alhaji ni gaskiya zan faɗa maka, hanyar da nisa kuma kuɗinta ba ya zuwa da wuri. Abokan karatunta za su hau mota ita tana neman burs, wato tallafin kuɗin karatu. In gidan na jiran hannunta to ku zauna ku yi lissafi tun yanzu.

Lokotoro A.:
Baba barka da ƙoƙari. Abin da Dan Gobir ya faɗa akwai gaskiya ciki amma bari in shimfiɗa maka hanyar. Da farko sai ta ƙare ta kare tez ɗinta, wato kundin binciken ƙarshen karatu, ni da za ta ji tawa ta yi ko shekara biyu tana duba marasa lafiya a asibitin gunduma, don wanda bai ga damina guda a sashen yara ba, gado ɗaya yaro biyu masassara ga tamowa, alƙaluman nan ba za su yi mishi magana ba. Daga nan masta, wato digiri na biyu, kan lafiyar al'umma, akwai masu zuwa makarantar lafiyar al'umma ta IRSP da ke Wida a Benin, wasu Dakar, kuma a Yamai akwai cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke bin sankarau tun da daɗewa. Likitancin iyali kuwa a Najeriya ya fi kafuwa, asibitin koyarwa na Aminu Kano yana da sashensa, likita guda ke riƙe da gida tun daga awon ciki har hawan jinin kaka. Furofesa sai ta CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, mataki mataki, a fara da asistan, wato mataimakin malami, ana koyarwa ana wallafa bincike, sannan gasar agregasiyo, ta hawa matakin furofesa, da ake yi duk shekara biyu. Bayan tez ka sa shekara goma ko fiye a ranka, sai dai tana aiki tana ɗaukar albashi a tsakani, ba zaman aji ba ne kawai. Ku da kuka ga sankarau na 1996 kun san yadda rani ke tsorata iyaye, tun da aka kawo allurar MenAfriVac a 2010 wancan nau'in na A ya kusan ɓacewa, kuma masu irin wannan karatu ne suka ga nau'in C ya taso a 2015 suka yi kururuwa.

Alhaji na Mokoyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙanena a sankarau na 96 ya rasu, ban taɓa haɗa maganarta da wannan ba sai yanzu. Lokotoro, masta ɗin da ka ce, ana karɓar matar aure mai goyo? Don an sa ranarta bayan babbar salla.