Musayar Waƙa: Hannun Jam'iyya a Cikin Ofishin Gwamnati

Ɗan Kwarbai

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Maudu'inmu na wannan mako shi ne yadda jam'iyyar da ke kan mulki take sa hannu cikin aikin hukumomin gwamnati, tun daga ɗaukar ma'aikata har zuwa zaɓen wanda za a bincika da wanda za a ƙyale. Na buɗe da ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu. Wanda zai amsa yana iya riƙe amsa-amona ko ya zo da nasa, amma kada a ci mutuncin kowa, kuma kada a kawo labarin da ba a tabbatar ba.

Da sunan Allah nake fara zancena,
Mai mulkin da ba shi da ƙarewa.

Salati ga Annabi mai riƙon amana,
Wanda bai taɓa son kai ba wurin hukuntawa.

Ina tambayar masu ilmi na Zazzau,
Ku amsa mini a fili, ban da ɓoyewa.

Ofishin da aka gina da kuɗin talaka,
Yaushe ya zama ganimar da ake rabawa?

Tsarin mulkin 1999 ya kafa hukumomi,
A sashe na 153 yana lissafawa.

Akwai ta zaɓe, akwai ta ma'aikatan tarayya,
Akwai ta ɗa'a mai bin kadarori tana dubawa.

Sashe na 158 ya hana a ba su umarni
Wajen naɗin ma'aikata da wajen ladabtarwa.

Amma mai naɗa shugabannin nan nasu
Shi ne mai takarar da za su zo aunawa.

A Oktoban 2024 an yi zaɓen ƙananan hukumomi,
APC ta kwashe 23 na Kaduna babu ragewa.

A Kano cikin watan NNPP ta kwashe 44,
'Yan adawa suka tashi babu abin nunawa.

Jam'iyyun sun bambanta, sakamakon iri ɗaya ne,
Don gwamna ke naɗa hukumar da ke ƙirgawa.

Ku gaya mini yaushe wannan ciwo ya kama mu,
Kuma ta wace hanya ake samun warkewa.

Tsohon Akawu, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Hannuna ya fara rawa, jikana ne ke buga mini waɗannan baitoci a waya, amma kowace kalma tawa ce.

Ɗana, ka yi tambayar da ta daɗe a raina,
Zan amsa maka da bakin tsohon ma'aikaci.

A Kongo ta Zariya aka koya mana riƙon fayil,
Inda tun 1947 ake horar da masu akawanci.

An ce mana takarda ba ta da jam'iyya,
Wanda ya riga kawo tasa shi ke da lokaci.

Minista ya zo ya tafi, kai kana nan zaune,
Ka gaya masa gaskiya ko da tana da ɗaci.

A 1975 Janar Murtala ya yi shara,
Ya sallami fiye da 10,000 da nufin kawar da sakaci.

Cikinsu akwai ɓarayi, ban musanta ba,
Akwai waɗanda ba a ji ta bakinsu ba aka yanke hukunci.

Wani a labaran rediyo ya ji sunansa,
Ya koma gida babu aiki, babu mutunci.

Waɗanda suka rage sun ɗauki darasi
Cewa kujera ba ta tsayuwa da ƙwazo ko aminci.

Daga nan kowa ya shiga neman ubangida
Wanda zai tsaya masa a ranar ƙunci.

A 1988 Babangida ya zo da doka ta 43,
Babban sakatare ya koma darakta-janar a shugabanci.

In wanda ya naɗa shi ya sauka shi ma ya sauka,
To yaya zai ce a'a ga mai ba shi abinci?

Kwamitin gyaran aikin gwamnati na Ayida ya sa an maido da tsohon suna,
Amma tsoron da ya shiga zuciya ya hana ta 'yanci.

Malama 'Yar Sabon Gari

Baba Akawu, na durƙusa na gaishe ka,
Zan ɗora a kan zancenka don cikar gaskiya.

Kafin 1975 ma ofis bai tsira ba,
A tambayi tsofaffin Sabon Gari da na birnin Zariya.

A zamanin En'e ɗan doka da kotun alƙali
Sun zama makamin masu mulki a kan 'yan hamayya.

'Yan NEPU, wadda aka kafa a 1950,
An hana su izinin taro, an ɗaure wasu da laifin ƙarya.

Hajiya Gambo Sawaba tamu ta nan garin
Ta sha shiga kurkuku saboda ta ɗaga murya.

Yau asibiti a Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunanta,
Amma halin da ta yaƙa yana nan a Nijeriya.

Ni malamar firamare ce, ga abin da nake gani:
Jerin sunayen ɗaukar aiki yana fitowa daga jam'iyya.

Mai takardar NCE yana tura baro a kasuwa,
Wanda bai iya rubuta wasiƙa ba an damƙa masa tarbiyya.

Wata abokiyar aikina ta ƙi fita gangamin zaɓe,
Aka mayar da ita ƙauye mai nisan tafiya.

Takin gwamnati kuwa in ya iso da damina,
Sai an san wa mutum ya zaɓa kafin a ba shi buhu ɗaya.

Na ga wannan hali a zamanin lema,
Na kuma gan shi bai sauya ba a zamanin tsintsiya.

Sakataren Mazaɓa, Tudun Jukun

Ba zan ɓoye ba, ni ɗan jam'iyya ne kuma ina riƙe da muƙami a mazaɓarmu. Na karanta baitocinku duka, na ga ana magana a kanmu ba tare da an ji daga gare mu ba, shi ya sa na ga ya dace in shigo, ko da abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba.

Baba Akawu da Malama, na ji kokenku,
Ku ba ni dama in faɗi nawa babu shakka.

Mu muka bi gida-gida muna neman ƙuri'a,
Mu muka yi alkawarin ruwa da hanya ga talaka.

Ma'aikacin ofis babu wanda ya zaɓe shi,
In aiki ya lalace mu ake bi da suka.

Sau nawa sabon shugaba ya ba da umarni,
Darakta ya kulle fayil a durowa ya hana a ɗauka?

Ku tuna Balarabe Musa na PRP a Kaduna,
Wanda ya ci zaɓen 1979 bisa doka.

Majalisar NPN ta ƙi amince masa da kwamishinoni,
Ya zauna shi kaɗai yana fama da ayyuka.

A Yunin 1981 suka haɗu suka tsige shi,
Wanda ba shi da nasa a kusa, ƙarshensa kan zama haka.

Saboda haka in mun ci zaɓe dole mu sa namu,
Waɗanda suka yarda da abin da muka shuka.

Yaron da ya kwana yana tsaron akwati a rumfar zaɓe,
In mu ba mu tuna da shi ba, wa zai ce masa barka?

Ɗalibin Shari'a, Kongo

Ina neman afuwar manya, domin baitocina sun ɗan yi yawa. Hujjar Sakatare ba abar yarwa ba ce, sai dai ta haɗa kujeru iri biyu waɗanda doka da hankali suka raba, kuma raba su yana buƙatar misalai.

Yallaɓai Sakatare, na yarda da farkon zancenka,
Wanda jama'a suka zaɓa shi ke jan ragamar ma'aikata.

Kwamishina da minista da mai ba da shawara
Naku ne, ku naɗa duk wanda kuke buƙata.

Su ne ke ɗauke da manufar da aka zaɓa,
In kun sauka su sauka, haka doka ta shata.

Amma mai ƙirga ƙuri'a da mai binciken almundahana
Da mai riƙe Babban Banki, aikinsu ya bambanta.

Mudun da ake awo da shi a kasuwar Sabon Gari,
In mai sayarwa ya lotsa gindinsa, mai saye aka cuta.

Balarabe da ka kawo shaida ce a gare mu,
Don ikon tantancewa aka mayar makamin ƙeta.

A Disambar 2007 EFCC ta kama tsohon gwamnan Delta James Ibori,
Watan bai ƙare ba aka ce shugabanta Ribadu ya tafi kwas a Kuru, ya fita.

Sanusi, gwamnan Babban Banki, ya ce dala biliyan 20 ta mai ba ta shiga asusu ba,
A Fabrairun 2014 Jonathan ya ce masa ya dakata.

A 2022 fom ɗin takarar APC na naira miliyan 100
Aka saya wa Emefiele yana gwamnan banki, shin ya kamata?

A 2021 majalisar dattawa ta ƙi Lauretta Onochie,
Hadimar Buhari da aka so a hukumar zaɓe a dasa ta.

Wasu sun faru a hannun PDP, wasu a hannun APC,
Babu wadda za ta nuna wa 'yar'uwarta yatsa ta huta.

Shawarar gyaran zaɓe kuwa ɗan Zariya ne ya jagorance ta,
Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais, Allah ya gafarta.

'Yar'aduwa ya kafa kwamitinsa a 2007,
A Disambar 2008 suka miƙa abin da suka rubuta.

Sun ce kada shugaban ƙasa ya zaɓi shugaban INEC,
Kujerar, Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce za ta tallata.

Ita za ta tace masu nema ta fitar da kaɗan,
Sannan majalisar dattawa ta duba wanda ya cancanta.

Gwamnati ta karɓi wasu daga cikin shawarwarin,
Wannan da ta fi taɓa ikonta sai ta jingine ta.

Gwamnatoci sun sauya tun daga wancan lokaci,
Kowace tana yabon rahoton kafin mulki ya zama nata.

Sakataren Mazaɓa, Tudun Jukun

Ɗalibi, na karɓi batun mai ƙirga ƙuri'a,
Don mu ma an taɓa yi mana, mun yi kuka.

Amma wa zai fara ajiye makaminsa,
Alhali abokin hamayya na jiran ya samu ya yanka?

Batun aiki kuwa ban janye ba tukuna,
Ka zo ƙofata da safe ka gani da idonka.

Masaƙun Kaduna sun rufe, matasa sun yi yawa,
Gwamnati ce ta rage wadda ake sa ran ta ɗauka.

Uwa ta kawo takardun ɗanta tana hawaye,
In na ce mata a bi ƙa'ida, ta ce to ina amfaninka?

Tsohon Akawu, Tudun Wada

Tambayar wa zai fara ta taɓa ni, domin mu ma'aikata muna da namu kason a wannan laifi, kuma bai dace mu ɗora shi duka a kan 'yan siyasa ba.

Sakatare ɗana, mai farawa shi ne mai alƙalami,
Don babu umarnin da ke tafiya sai da hannun ma'aikaci.

Umarnin son rai ba ya son takarda,
Ta waya yake zuwa, ko da dare wajen cin abinci.

In an ce ka tsallake wane ka ɗauki wane,
Ka ce, ranka ya daɗe, a rubuto a sa hannu da lokaci.

Na ga manya sun janye da jin wannan kalma,
Don babu mai son sunansa a fayil kusa da zalunci.

Na kuma ga wanda ya faɗe ta aka yi masa canjin wuri,
Ya rasa ƙarin girma, iyalinsa suka ɗanɗani talauci.

Manzon Allah ya ce in an ba wanda bai cancanta ba al'amari
A jira tashin ƙiyama, kuma da mu yake da masu shugabanci.

Malama 'Yar Sabon Gari

Baba, darakta yana iya cewa a rubuto,
Malamar aji uku ba ta da wannan kariya.

Takardar canjin wurinta a rubuce take zuwa,
Da hatimi da sa hannu, babu dalili ko ɗaya.

Abin da nake nema wajen Sakatare ba mai yawa ba ne,
Ya kai shi taron jam'iyyarsu a nan Zariya.

In za a ɗauki malamai a yi jarrabawa a fili,
A liƙa maki da sunaye a bangon sakatariya.

In taki ya zo a kira masu unguwa da manoma,
A ƙirga buhunan a gabansu kafin motar ta juya.

Yaran da ke ƙofarka su zauna jarrabawar tare da namu,
Wanda ya ci a ba shi aji, wanda ya faɗi ya koma ya koya.