Ina da digirin halayyar ɗan Adam, wace takarda ce za ta shigar da ni makarantar gwamnati a Legas?

Mai tambaya, daga Agege:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena, shawara nake nema. Na karanci ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, na gama bautar ƙasa, kuma burina in yi aiki da yara a makarantar gwamnati. A layinmu akwai wata yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, rikici ne ya taso su daga gida. Ba ta jin Yarbanci, Turancin ma sama-sama. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura ta toshe kunnuwa. A makaranta an ce ba ta da ƙoƙari, alhali na ga tana lissafin cinikin awarar mahaifiyarta da ka, ko naira goma ba ta ɓacewa. Irinta suna da yawa a cikin yaranmu, kuma babu mai zama ya saurare su da harshensu. To wane lasisi ake nema? Wasu sun ce digirin ya wadatar, wasu sun ce in shiga ƙungiya, wasu sun ce sai na zama malama tukuna. Kaina ya ɗaure.

Wani malamin sakandare, daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya cika miki buri. Waɗanda suka ce sai kin zama malama su suka fi kusa da gaskiya. Makarantar gwamnati ta ƙofar malanta ake shigarta. A nan Legas hukumar TESCOM ce ke ɗaukar malaman sakandare, na firamare kuma LASUBEB. Wanda kike gani a ofishin ba ɗalibai shawara, galibi ta wannan hanyar ya shigo, kuma sau da yawa har aji ake ba shi ya koyar.

Tunda digirinki ba na koyarwa ba ne, sai kin ƙara da PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri. Ana yinta a jami'o'i, akwai kuma ta NTI, wato cibiyar horar da malamai ta ƙasa, da ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, waɗanda suka fi sauƙi ga mai wata hidimar. Kusan shekara guda ce ko ɗan sama da haka, har da gwajin koyarwa a aji. Da ita za ki zauna jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993. A kwamfuta ake yi. Mai digirin farko da takardar koyarwa a rukunin C yake faɗawa. In kin ci, a ba ki shaidar rajista da lasisi, shi lasisin ana sabunta shi duk shekara 3. Ki kuma tanadi katin LASRRA na mazauna Legas tun yanzu, kada ki bari sai an buɗe ɗaukar ma'aikata ki fara shiga layi.

Wata mai ba ɗalibai shawara, daga Mile 12:
Malam ya yi bayani, amma akwai saura. Ba da shawara yanzu ba aikin da za a ce wa malamin da ba shi da darasi "je ka riƙe ofishin" ba ne. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da masu wannan sana'a a Najeriya, bayan CASSON, ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, ta daɗe tana fafutuka a kai. Don haka 'yar uwa, in da gaske wannan aikin kike so, bayan PGDE ki nemi digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara. Ana yi a Jami'ar Legas da ke Akoka. Ni dai ban yarda a miƙa yaro mai rauni ga wanda bai taɓa zama a ƙarƙashin wani ƙwararre yana duba aikinsa ba, komai kyawun zuciyarsa.

Wani ɗan kasuwa, daga Alaba Rago:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma duk wannan doguwar hanya fa? Mai tambayar nan ta yi shekara 4 tana karanta abin. Ta shiga makarantar kuɗi mana, ta fara aiki gobe.

Malamin Idi-Araba:
Alhaji, tana iya farawa can ta samu na sabulu da gogewa, babu laifi. Sai dai yaran da take magana a kai ba su can. 'Ya'yan masu dako da masu gadi suna makarantar gwamnati ne.

Wani ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, daga Obalende:
Malama, ki rarrabe abu biyu tun da wuri. Katin ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam yana da amfani, za ki samu horo da abokan aiki, amma ba shi ne takardar da hukumar ɗaukar malamai za ta tambaye ki ba. Na biyu, digirin farko bai ba ki ikon cewa yaro yana da cuta kaza ba. Wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne da masanin da ya yi digiri na biyu a ɓangaren asibiti, ya kuma yi horo a hannun manya. Naki shi ne ki lura, ki saurara, ki rubuta abin da kika gani, ki kira iyaye, ki tura inda ya dace.

Ita yarinyar layinku, kada a jira sai kin samu lasisi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi. Ki lallaɓa mahaifiyar, don da mutanenmu sun ji an ce Yaba sai gabansu ya faɗi, su ɗauka an ce 'yarsu ta haukace. Ki raka su ki yi tafinta. Kuma ki sani, duk ranar da yaro ya gaya miki ana cin zarafinsa, a Legas ba a rufe wannan da sunan riƙe sirri, dole a kai rahoto ga hukuma.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da PGDE ɗin in sha Allahu. Yaya ta Mile 12, kafin nan akwai damar in riƙa zuwa wata makaranta ina taimakawa kyauta?

Mai ba ɗalibai shawara:
Akwai, amma ba ta bayan gida ba. Shugaban makaranta ba zai bar baƙuwa ta keɓe da yara ba, kuma gaskiyarsa ce. Legas gundumomin ilimi 6 gare ta, ta ɗaya kuwa a Agege take, kusa da ke. Ki rubuta takarda zuwa ga babban jami'in gundumar, ki haɗa da kwafin digirinki da na bautar ƙasa, ki faɗa a fili cewa kina jin Hausa kuma a ƙarƙashin mai ba da shawara na makarantar kike son yin aiki. Ki kai da hannunki, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kwafinki.