Neman shawara: ta ina zan ɓullo wa darasin jiragen sauke sojoji da jiragen gyara?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare, an kuma ɗora mini yi wa 'yan ajin ƙarshe lacca kan Yaƙin Duniya na Biyu a makon tunawa da 'yan mazan jiya, wanda ake yi ranar 15 ga Janairu. Duk lokacin da aka zo ɓangaren teku, manyan jiragen yaƙi masu igwa ake nuna wa yara. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne jiragen da ke kai sojoji da tankoki har bakin yashi, inda babu tashar jiragen ruwa, da kuma waɗanda ke biye da su suna gyara abin da ya lalace. Damuwata ita ce babu ɗaya cikin yarana da ya taɓa ganin teku, kuma lokacin da aka ba ni bai kai awa guda ba. Wane yaƙi zan ɗauka misali? Yaya zan sa su gane aikin waɗannan jirage? Akwai inda labarin ya taɓa mutanenmu? A taimaka mini da shawara.

Tsohon Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka zaɓi abu mai kyau. Ka fara da matsalar kafin ka kawo jirgin. A 1940 Birtaniya ta kwashe sojoji kimanin 338,000 daga Dunkirk ta Faransa bayan Jamus ta rutsa su, amma tankokin yaƙi da motoci da manyan bindigogi a can aka bar su, domin babu jirgin da zai iya ɗaukar abu mai nauyi daga kan yashi. Daga nan aka gane cewa ranar komawa Turai ma haka za ta kasance: maƙiyi ya riƙe tashoshi, dole a sauka a fili.

Da farko wasu jiragen dakon mai guda uku aka samo, waɗanda aka ƙera don tafkin Maracaibo na Venezuela mai ƙarancin zurfi, aka yanke gabansu aka sa ƙofa. Da su aka sauke tankoki kusa da Oran ta Aljeriya a Nuwamban 1942. Amma wanda ya zama gagarabadau shi ne LST na Amurka, wato jirgin sauke tankoki, wanda John Niedermair ya zana a Nuwamban 1941. Tsawonsa kusan mita 100, faɗi mita 15, gindinsa shimfiɗe, yana ɗaukar tankokin Sherman wajen 20. An ƙera 1,051 kafin yaƙi ya ƙare, mafi yawa a garuruwan da ke nesa da teku irin su Evansville da Seneca, a gangaro da su ta kogin Mississippi.

Dabarar da za ka tsaya a kanta ita ce ta ruwa. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi ba ya zama daram a tsakiyar teku, don haka akwai tankuna a ƙasansa da ake cika su da ruwa ya nutsa ya yi nauyi. In an doshi gaɓa sai famfo ya zuƙe ruwan, jirgin ya taso, gabansa bai fi mita ɗaya da 'yan kai a cikin ruwa ba. Kafin ya hau yashi sai a jefa anga ta baya, wato ƙugiyar ƙarfen da ke kama ƙasan teku, ana tafe ana sakin wayarta. Ƙofofi biyu na gaba su buɗe, a sauke gada, tankoki su fito da ƙafarsu. Idan an gama, injin naɗe waya ya ja jirgin da baya zuwa wurin angar. Matuƙin da ya yi saurin jefa ta, waya ta ƙare kafin ya kai gaɓa. Wanda ya yi jinkiri kuma ba ta da nisan da za ta janyo shi.

Malama Maman Khalifa:
Malam, ni kimiyya nake koyarwa, kuma wannan bayanin na Baba Injiniya za ka iya nuna shi da hannu. Ka samu babbar roba ka zuba ruwa, ka tara yashi a gefe ɗaya ya yi gangare. Ka ɗora gwangwanin sadin a kan ruwan, ka sa tsakuwa biyu a ciki a matsayin tankoki. Zuba masa ruwa kaɗan, su ga ya nutsa ya kasa isa yashi. Ka zuƙe da sirinji, su ga ya taso ya hau. Ka ɗaura zare a bayansa da ƙusa a matsayin anga. Sannan ka kwashe ruwan robar da kofi, jirgin ya zauna a kan yashi, ka ce musu haka teku ke janyewa ta dawo sau biyu a yini. Shawarata ta biyu, kada ka jibga musu lambobi. Uku ko huɗu sun isa.

Oga Mai Walda:
Baba Injiniya, ranka ya daɗe, ni tambaya ce da ni. Jirgin da ake kai shi ya daki yashi da gangan, ai ba zai yi ƙarko ba. Wa ke ɗinke shi in ya fashe, alhali babu gareji a kusa?

Tsohon Injiniyan Ruwa:
Ka taɓo inda nake so Malam ya fi daɗewa. Shi LST ɗin yana da juriya, ƙananan ne ke shan wuya, musamman kwale-kwalen Higgins da aka yi da katako, mai ɗaukar soja 36. Yini guda yana jigila tsakanin manyan jirage da gaɓa. Farfela ta bugi dutse ta lanƙwashe, sandar da ke juya ta ta karkace, yashi ya shiga bututun da ke jawo ruwan sanyaya inji, inji ya yi zafi ya tsaya. Wayar sauke ƙofa ta tsinke, ƙofa ta rataye. Wani igiyar ruwa ta juya shi ya kwanta a gicciye, ta yi ta maka shi da ƙasa. Yawancin waɗannan ba harsashi ya jawo su ba.

Don haka Amurka ta ɗauki wasu LST ɗin, kusan arba'in, ta liƙe ƙofofinsu na gaba, ta mayar da ɗakin tankoki wuraren aiki. Su ake kira ARL, na farkonsu USS Achelous a 1943. A ciki akwai sashen injinan feƙe ƙarfe, sashen walda, maƙera, kafintoci, masu wutar lantarki, da rumbun kayan gyara. A sama akwai babban ƙarfen ɗaga kaya da ke iya ciro ƙaramin jirgi daga ruwa. Ma'aikatansa sun ninka na LST na yau da kullum, wajen mutum 250. Ka ce wa yara kamar an ɗauki Panteka ta Kaduna ne aka ɗora a kan ruwa. Akwai kuma wani nau'in, LSD, wanda ke nutsar da bayansa da gangan, ƙananan jirage su shigo cikinsa suna iyo, a zuƙe ruwan su zauna a busasshen wuri a yi musu aiki.

Misalin da zan ba ka shi ne Nomandi, a gaɓar arewacin Faransa. Sojojin ƙawance sun sauka ranar 6 ga Yunin 1944. Ranar 19 ga wata guguwa ta taso ta yi kwana uku, ta rugurguza tashar wucin gadi da Amurkawa suka haɗa a gaɓar Omaha, ta watsar da jirage kusan 800 a kan yashi. Abin da ya ceci lamarin biyu ne. Na ɗaya, LST ya riƙa hawa gaɓa yana jiran teku ta janye, ya zauna a busasshiyar ƙasa a sauke kaya kai tsaye. Na biyu, masu gyara suka bi jiragen da suka fashe ɗaya bayan ɗaya, suna walda tsakanin janyewar ruwa da dawowarsa. USS Adonis da USS Atlas, duka ARL, suna cikin waɗanda suka yi aikin Nomandi.

Ɗalibin Jami'a:
Baba, a gafarce ni, amma in maganar gyara ce ina ganin Okinawa ta Japan ta fi Nomandi. Daga Nomandi zuwa tashoshin Ingila tafiyar dare ɗaya ce, jirgin da ya lalace sosai ana iya jan sa gida. A tekun Fasifik kuwa dubban kilomitoci ne. Shi ya sa Amurkawa suka fara kame tsibiran Kerama Retto ranar 26 ga Maris 1945, kafin babbar saukar 1 ga Afrilu, don kawai su sami inda jiragen gyara da na mai za su tsaya. Jiragen saman ƙunar baƙin wake na Japan sun yi ɓarna sosai. A yaƙin gaba ɗaya jirage fiye da 30 sun nutse, sama da 360 sun lalace. A Kerama ake toshe su, wasu su koma fagen fama, wasu a lallaɓa su iya kai kansu gida.

Tsohon Injiniyan Ruwa:
Gaskiyarka ɗana, a wajen gyara Fasifik ce uwa. Amma Malam lokacinsa kaɗan ne, kuma a Nomandi saukar da gyaran suna wuri ɗaya, cikin mako biyu. Ya ambaci Kerama a jimla biyu ya wuce.

Jikan Soja:
Malam, ka tambaya ko abin ya taɓa mu. Ya taɓa. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, masu sojojin Najeriya da Gold Coast (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya, sun yi yaƙi a yankin Arakan na Burma, wato Myanmar ta yau, kuma a bataliyoyin Najeriya Hausa ce harshen bariki. Kakana yana cikinsu. A farkon 1945 suna turo Japanawa ta tudu, suka karɓi garin Myohaung a watan Janairu, yayin da sojojin Indiya da kwamandojin Birtaniya ke sauka ta ruwa don tare musu hanya: Akyab ranar 3 ga Janairu, Myebon ranar 12, tsibirin Ramree ranar 21, Kangaw ranar 22. Gaɓar can ba irin ta Faransa ba ce. Laka ce da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, da ƙoramu masu murɗe-murɗe da ke cika su ƙafe tare da teku. Ƙananan jirage ne suka fi aiki a ciki.

Abin da zan roƙe ka shi ne ka faɗa daidai. Mutanenmu galibi da ƙafa suka yi yaƙin, kaya a ka, abinci kuma sau da yawa ta sama ake jefo musu. Kada yara su tafi da tunanin cewa kakanninmu ne suka fito daga bakin LST a Nomandi. Amma ka gaya musu cewa ƙarancin jiragen nan ya shafi yadda aka yi yaƙin Burma: a ƙarshen 1943 an soke shirin sauka a tsibiran Andaman saboda an janye jiragen zuwa Turai. Ko a Turan ma, saukar kudancin Faransa sai da aka ɗaga ta zuwa 15 ga Agustan 1944 saboda LST bai wadata ba.

Baban Sadiq:
Ku ƙara da na kusa. Ranar 24 ga Agustan 1990 dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, suka sauka a tashar Monrobiya ta Laberiya daga Freetown, ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo na Ghana, kuma NNS Ambe, jirgin sauke tankoki na Najeriya da aka ƙera a Jamus, yana cikin masu dakon su. A 2022 rundunar ruwanmu ta karɓi sabon irinsa, NNS Kada, shi ma mai tsawon mita 100. Hotonsa yana intanet, ka buga babba ka manna a allo. Cikin iyayen yaran ma ba za a rasa wanda ya je Laberiya ba. In ka samu, ka gayyace shi ya zauna a gaba.

Hajiya Nas Mai Ritaya:
Ɗana Malam, duk an ba ka ƙarfe da inji, ni mutane zan tuna maka. LST ɗin wancan yaƙin ba shi da gudu, da ƙyar yake wuce kilomita 20 a awa, cikinsa cike da motoci masu fetur a tanki. Daren 28 ga Afrilun 1944, ana atisaye a gaɓar kudancin Ingila, ƙananan jiragen Jamus masu gudu suka afka wa ayarinsu, suka nutsar da LST 507 da LST 531, na 289 ya koma da baya a fashe. Amurkawa 749 suka mutu tun ba a je Nomandi ba. Da yawa sanyin ruwa ne ya kashe su, wasu kuma sun ɗaura abin iyo a ƙugu maimakon ƙarƙashin hammata, nauyin kayansu ya kifar da su. Yaran da za ka yi wa magana ba su da nisa da shekarun waɗancan. Ka kuma gaya musu cewa jirgin da ya kai tankoki shi ne ke komowa da masu rauni: ana jera gadajen ɗaukar majinyata a bangon ɗakin tankokin, da wurin tiyata a can ƙurya, kuma an ƙetarar da fiye da mutum 40,000 daga Nomandi zuwa Ingila ta haka.

Malamin Tarihi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda na tsara: Dunkirk a buɗe, robar Malama a tsakiya, guguwar Nomandi da masu gyara su ci rabin lokacin, sai atisayen da Hajiya ta kawo, in rufe da Arakan da Monrobiya. Da yawa cikin yarana suna zuwa koyon walda da makanikanci bayan an tashi, na san ɓangaren gyaran zai shige su. Baba Injiniya, saura abu ɗaya: ina son in kawo wani abu da za su taɓa da hannu, ban da gwangwani.

Tsohon Injiniyan Ruwa:
Ka je wurin masu kwale-kwalen inji a bakin kogi ko madatsar ruwa mafi kusa da ku, ka roƙi tsohuwar farfela wadda ta lanƙwashe, ba sa rasa ta. Ka sa ta a sanda ka juya a gabansu, su ga yadda take rawa, ka bayyana cewa wannan rawar ce ke cinye sandar har ruwa ya fara shiga jirgi. Sannan Oga Mai Walda, in yana kusa da ku, ya nuna musu yadda ake gasa ta a miƙar da guduma a kan uwar maƙera.

Oga Mai Walda:
Ina nan, Baba. Malam ya turo mini rana da sunan makarantar ta akwatin saƙo, zan zo da kayan aikina. A tanadar mini fili a waje da bokitin yashi, ba a kunna wuta a cikin aji.