Oman a Disamba da tsohuwa da yara: mu haɗa da Salala ko mu haƙura?

Baban Khairat: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa taka Oman. Muna son zuwa hutun Disamba, ni da maiɗakina da yara biyu da Hajiyarmu. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, ba ta jure tafiyar ƙasa. Hutun bai wuce mako guda ba. Mu tsaya Maskat da Nizwa da sahara, ko mu haɗa da Salala? Sannan in ɗauki hayar mota in tuƙa da kaina, ko in nemi direba?

Ummu Sudais: Wa alaikumus salam. Malam, wanda bai ga Salala ba ai bai je Oman ba. Duwatsu kore shar, yayyafi ba dare ba rana, raƙuma na kiwo cikin hazo. Ga ayaba da kwakwa a bakin titi, ga turaren lubban mai kyau a kasuwa.

Ɗan Fagge: Hajiya, Disamba fa ya ce. Wannan damina ta Salala daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba ake yin ta, kafin Disamba ciyawar ta bushe. Kuma tsakaninta da Maskat kusan kilomita 1,000 ne. Ko dai wuni cur a mota, ko tikitin jirgi na mutum biyar. Ka bar ta sai wani jiƙon.

Sadiq_KD: Yaya kada ka kuskura ka rasa Wadi Shab, wani kwari mai ruwa tsakanin duwatsu. Riyal 1 za ka ba mai kwalekwale ya tsallakar da kai, ka taka kan duwatsu kamar minti 45, sannan ka yi iyo ka shiga kogo.

Ɗan Fagge: Hajiyar ce za ta yi iyon, ko kai za ka goya ta?

Ba'agadashe: Ikon Allah! Mutum ya sayi dala da tsada don ya je kallon yashi. Alhaji kawo rabin kuɗin, in cika maka tirela daga Agadas, raƙumi kyauta.

Hajiya Mai Atamfa: Kuna ta lissafin duwatsu, ba wanda ya tambaye shi biza. Ni nan aka gasa min aya a hannu. Wani ejan, wanda ƙawata ta haɗa mu, ya karɓi fasfo ɗina da na 'yata da kuɗi, ya kawo mana takarda mai launi har da tambari. Na sayi tikiti, na yi sallama da dangi, har maƙwabta sun ba da sautun turare. Muka isa filin jirgi, yarinyar da ke kan kanta ta daɗe tana danna kwamfuta, ta kira wani babba, shi ma ya danna, sai ya ce Hajiya wannan lambar ba ta cikin na'ura. A gaban mutane muka jawo akwatuna muka fito. Na kira shi wayar a kashe. Da ƙyar aka kamo shi, manya suka shiga wai a yi sulhu, yau shekara ta zagayo yana biyana kaɗan-kaɗan sai ka ce adashi. Kuɗin tikiti kuwa ko rabi ban samu ba. Ɗana, kada ka biya jirgi ko otal sai ka shiga shafin 'yan sandan Oman da kanka, don su ke ba da biza, ka ga sunanka da idonka.

Ummu Sudais: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Hajiya. Ƙawar taki fa?

Hajiya Mai Atamfa: Ta daina ɗaukar wayata. Har biki muka haɗu ta sauya layi.

Malam Na Sohar: Ni a nan Oman nake aiki. Maganar Hajiya gaskiya ce. Game da mota, a hannun dama suke tuƙi irin namu, tituna lafiya lau, amma kyamara ta yi yawa, tara kuma kamfanin haya zai cire ta daga katinka. In kana son hawa Jabal Akhdar, akwai shingen 'yan sanda a gindin dutsen, ba sa barin ƙaramar mota sai jif mai jan ƙafa huɗu. Ka ware riyal 35 zuwa 40 a rana na hayar jif. Kuma kada sunan riyal ya ruɗe ka, ba na Saudiyya ba ne, guda ɗaya ya haura dala biyu da rabi.

Sadiq_KD: 40 ina? Ni 22 na biya. Kwana a tantin sahara ma 25 ne har da abincin dare.

Ummu Sudais: Mu riyal 70 muka biya na tanti a saharar Wahiba.

Malam Na Sohar: Sadiq, a wane wata ka zo? In da zafi ne, lokacin ba kowa, ko kyauta sa ba ka. Disamba Turawa sun cika ko'ina. Wanda ya leƙo ya koma ba zai koya min farashin garin da nake zaune ba.

Sadiq_KD: Malam da girmanka, mazaunin gari ai ba ya kwana a otal. Ka taɓa shiga saharar ma kuwa?

Ɗan Fagge: Ku bar musu. Abin da zai yi wa Hajiya daɗi shi ne Masallacin Sultan Kabus, da kasuwar Mutrah bayan la'asar, sai kasuwar dabbobi ta Nizwa ranar Juma'a. Ku isa da sassafe, masu awaki na zagayawa da su a da'ira, masu saye na zaune suna taya farashi, kafin hantsi an watse. A sahara kuma ku riƙe rigar sanyi, dare na cizo.

Ba'agadashe: Yashi bai isa ba, yanzu kuma kallon akuya.

Maman Hanif: Ni abin da ke ci min rai, da an ga mace da koren fasfo za ta Maskat sai a ɗauka aikatau za ta. Tambayoyin da aka yi min kafin in hau jirgi, har sai da na nuna hoton shagona.

Hajiya Mai Atamfa: Ejan-ejan ɗin nan ne suka ja mana. Su kwashi 'ya'yan mutane da sunan aiki, a je a karɓe musu fasfo.

Malam Na Sohar: Ku tuna yadda Dubai ta rufe mana biza a 2022, sai Yulin 2024 aka buɗe. Laifin mutum goma, a hukunta miliyoyi.

Baban Khairat: Na gode ƙwarai. To direban fa, in nema ko in tuƙa?

Maman Hanif: Kuma ko da aka buɗe ɗin, ku tambayi 'yan kasuwar Kwari nawa suke kashewa yanzu kafin biza ta fito. Hajiya, shi naki ejan ɗin har yanzu yana da ofis?